Rubutu na makara, ƙ kuma na fita da wata kama: ina matsalar take a C?

Ɗan Mokoyo:
Assalamu alaikum, malamai da yayye. Tambaya biyu gare ni kan fitar da rubutu a C, harshen rubuta furogiram. Ga layukan:

printf("Ana lissafi...");
lissafa_kaya();
printf("%-12s%6d\n", "gujiya", 500);
printf("%-12s%6d\n", "ƙuli-ƙuli", 250);

Ta farko, a Linux "Ana lissafi..." ba ya bayyana sai lissafin ya ƙare, alhali shi ne a sama. Ta biyu, kuɗin ƙuli-ƙuli ba ya tsayawa ƙarƙashin na gujiya, yana matsowa hagu da gurbi biyu. A Windows kuwa layukan sun daidaita, amma "ãÖuli-ãÖuli" ake gani a baƙin allo. A taimaka.

Malam Na Zariya:
Wa alaikumus salam. Bari in ɗauki ta farko. Ƙanena, printf ba ya kai rubutu allo. Zuba shi yake cikin wata ma'ajiya da ke ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ake ce wa bafa, daga nan ne ake kwashe shi lokaci zuwa lokaci. Ka ɗauke ta kamar motar Ɗan Isa a tasha: fasinja ya shiga ya zauna, amma ba a tashi ba sai ta cika ko direba ya ga dama.

Tashin nan iri uku ne. In stdout, wato magudanar da printf ke zuba rubutu a cikinta, allo take kallo, ana tashi duk sa'ad da aka ga \n, alamar sabon layi. In fayil take kallo, ko ka tura ta cikin wani furogiram da alamar |, ba ruwanta da \n, sai bafa ta cika, kuma a Linux yawanci bayit 4096 ne. Sai stderr, magudanar saƙonnin kuskure, wadda ita kabu-kabu ce, kana hawa ana tafiya. Layinka na farko ba shi da \n, shi ya sa ya zauna a tasha har layin gujiya ya zo ya tashe su tare. Ka sa

fflush(stdout);

nan take bayan printf ɗin farko. Wannan shi ne biyan kuɗin kujerun da suka rage don a tashi yanzu.

Injiniyan Tibiri:
Malam ya faɗi gaskiya. Amma in yaro zai riƙa manta fflush, gara ya kashe bafar gaba ɗaya a farkon main ya huta:

setvbuf(stdout, NULL, _IONBF, 0);

Sharaɗinsa ɗaya, a kira shi kafin a rubuta komai a magudanar. In an riga an rubuta, ƙa'idar C ba ta lamunce maka komai ba.

Ɗiyar Madarunfa:
Injiniya, a yi mini afuwa, wannan maganin ya fi ciwon tsada. Bafa ba don ado aka yi ta ba. Duk tashin mota ɗaya kira ne ga write, wato sai furogiram ya tsaya ya miƙa wa tsarin kwamfuta aikin ya jira. A ce ana fitar da bayit miliyan ɗaya da putchar. In da bafa ta 4096, kira 245 ne. In babu, kira miliyan ɗaya cur. Wanda yake shakka ya gwada da strace -c, zai ƙirga masa. Don saƙo ɗaya na "Ana lissafi" ba a sa kowane fasinja ya ɗauki mota shi kaɗai.

Kuma saƙon ma ba na stdout ba ne. Abin da ke gaya wa mutum halin da ake ciki, stderr ake tura shi:

fputs("Ana lissafi...", stderr);

Ka ga an jefi tsuntsu biyu. Ya fita nan take, kuma ran da aka ce ./kaya > rahoto.txt ba zai shiga cikin rahoton ya ɓata shi ba.

Injiniyan Tibiri:
Na yarda da batun stderr. Kan tsada kuwa, ya danganta. Furogiram da ke tambayar mutum suna da kuɗi yana amsawa, layi ashirin ne duka rubutunsa, ba wanda zai ji bambanci. Inda na fi so a kashe ta shi ne lokacin farautar kuskure. Mutum ya watsa printf("na iso 1"), printf("na iso 2") cikin aikinsa, furogiram ya faɗi, ya ga babu ko ɗaya a allo, sai ya ce ai tun farko ya mutu. Alhali ya wuce su duka, rubutun ne ya mutu cikin bafa. exit da dawowa daga main suna kwashe bafa kafin a rufe, amma abort da _exit da faɗuwar taɓa ƙwaƙwalwar da ba taka ba, a Linux ba sa kwashewa.

Ɗiyar Madarunfa:
To ai wannan ma fprintf(stderr, ...) ya raba gardama. In kuma furogiram ɗin na wani ne ba ka da ikon gyara shi, stdbuf -oL ./kaya | grep gujiya zai sa ya riƙa tashi layi-layi.

Akwai wasu abubuwa biyu da bafa ke jawowa da ke rikita mutane. In aka haɗa stdout da stderr a fayil ɗaya da 2>&1, saƙonnin kuskure kan riga sauran rubutu isa, sai jerin ya birkice. In kuma aka yi fork, wato furogiram ya haifi ɗa irinsa, alhali akwai rubutu a bafa, ɗan yana gadon kofinta, uwa ta fitar, ɗa ya fitar, layi ɗaya ya fito sau biyu. fflush kafin fork ke hana wannan.

Malam Na Zariya:
Madalla. Mu koma ta biyu, don ita ta fi shafar mu masu ƙugiya a haruffa.

Magudanar C ba ta san harafi ba, bayit ta sani. A Turanci abin ba ya fitowa fili saboda kowane harafi bayit ɗaya ne. Namu kuwa a UTF-8, tsarin da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, bibbiyu ne: ƙ ita ce C6 99, ɗ C9 97, ɓ C9 93, ƴ C6 B4. Manyan kuma Ƙ C6 98, Ɗ C6 8A, Ɓ C6 81, Ƴ C6 B3. Har é ta Faransanci biyu ce, C3 A9.

Yanzu ƙirga. Idonka na ganin tara a "ƙuli-ƙuli", strlen na ganin 11. Ka ce %-12s, sai printf ya ce saura ɗaya, ya ƙara gurbi ɗaya maimakon uku. Ga gurbi biyun da suka ɓace maka. A Windows ɗin da ka ce ya daidaita, ba gyaruwa ya yi ba. Allon ya ɗauki kowane bayit a matsayin harafi, ya zana 11, sai lissafin ya faɗa daidai a kan kuskure. Windows na Faransanci, wanda shi ya fi yawa a nan, baƙin allonsa na amfani da tebur mai lamba 850. A teburin nan C6 shi ne ã, 99 kuma Ö. Gwada ɗ, za ka ga ╔ù. Furogiram ɗinka ya aika bayit na gaskiya, mai karantawa ne ya buɗe wani kaye daban.

Ɗan Mokoyo:
Allah Ya saka, Malam. To in na bi harafi-harafi fa, in ce putchar('ƙ')?

Malam Na Zariya:
Kul. putchar bayit ɗaya tak yake fitarwa. 'ƙ' cikin waƙafi guda bayit biyu ne aka cusa wuri ɗaya, gcc zai yi maka gargaɗi ya mai da shi 0xC699, wato 50841. putchar ya yanke ya ɗauki na ƙarshe, 99, ya aika shi shi kaɗai. Rabin harafi ke nan, allo ya nuna maka alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u ko wani tarkace. Harafi mai ƙugiya jere ne, da waƙafi biyu ake rubuta shi: fputs("ƙ", stdout). Amma in kana bin jeren gaba ɗaya da putchar(*s++) har ƙarshe, babu laifi, don duka bayit biyun za su fita a jere, allo ya haɗa su.

Hajiya ta Bagalam:
Sannunku da aiki. Ga gyaran jeri, tunda an bayyana dalili. A UTF-8 duk bayit ɗin da ke biye wa na farko yana farawa da 10 a lissafin bibbiyu. Sai a ƙirga waɗanda ba su ba:

int kirga(const char *s) {
    int n = 0;
    for (; *s; s++)
        if ((*s & 0xC0) != 0x80) n++;
    return n;
}

Sannan a gaya wa printf faɗin da tauraro, a ƙara masa rarar:

printf("%-*s%6d\n", 12 + (int)strlen(s) - kirga(s), s, kudi);

Ga ƙuli-ƙuli faɗin ya zama 14, gurbi uku suka fito, kuɗi ya tsaya ƙarƙashin ɗan'uwansa.

A yi hattara da yanka kuma. %.2s a kan "taƙi" lafiya lau, %.3s kuwa ya raba ƙ biyu. Haka snprintf in wurin ya kasa, a bayit yake yankewa, bai damu ko tsakiyar harafi ba ne. In dole a yanke, a ja baya har a bar bayit masu farawa da 10. Wannan kirga ya ishe mu a boko na yau da kullum. Mai sa alamar karin sauti a kan wasali ko mai rubuta ajami da wasulla, nasa ya wuce nan, don alamomin ana ƙirga su amma ba su cin gurbi a allo. Shi sai wcwidth.

Na Windows kuma, a sa #include <windows.h> sannan a farkon main:

SetConsoleOutputCP(65001);

ko a buga chcp 65001 kafin a tayar da furogiram. A tabbata kuma fayil ɗin .c kansa da UTF-8 aka adana shi. In da Visual Studio ake harhaɗawa, a ƙara /utf-8. In bayan duk wannan akwati ake gani a gurbin ƙ, bayit sun isa lafiya, salon rubutun allon ne ba shi da harafin, a canza shi.

Injiniyan Tibiri:
Hajiya, ni a ganina duk wannan kewaye ne. C na da faffaɗan harafi tun tuni. setlocale(LC_ALL, ""), sai wprintf(L"%-12ls%6d\n", L"ƙuli-ƙuli", 250). Faɗin da harafi ake ƙirga shi, ba sai an rubuta kirga ba. putwchar(L'ƙ') ma yana aiki, abin da yaron ya so yi tun farko.

Hajiya ta Bagalam:
Yana aiki, Injiniya, amma ka faɗi kuɗinsa. Magudana ba ta auren biyu. Kiran farko da aka yi a kanta shi ke yanke mata hukunci, ko ta bayit ko ta faffaɗan harafi. In wprintf ya riga, duk printf da puts da suka biyo baya a Linux shiru za su yi, printf ya dawo da -1, ba wanda ya duba. Ya isa wani ɗan laburare da ka jawo ya yi printf sau ɗaya kafin kai, duk wprintf ɗinka su mutu. Sannan wchar_t bayit 4 ne a Linux, 2 a Windows. A Windows sai ka ƙara da _setmode(_fileno(stdout), _O_U16TEXT), bayan haka kuma printf ba ya ƙara taɓa wannan magudanar lafiya.

Ga kuma tarkon da ke cikin layinka na farko. LC_ALL a kwamfutar da aka saita da Faransanci yana canza har alamar ɗigo: printf("%.2f", 2.5) ya ba ka 2,50. A allo ya yi kyau, amma in fayil ne da wani furogiram zai karanta, an shiga uku. In haruffa kawai kake nufi, LC_CTYPE za ka ce.

Injiniyan Tibiri:
Batun LC_CTYPE na karɓa. Sauran ban sauka ba. Mai aikin da zai riƙa mai da ƙ zuwa Ƙ, ko juya kalma, ko jera sunaye, toupper ba ta san ƙ ba, towupper ta sani. A ciki a yi aiki da faffaɗa, wurin fita a mayar.

Ɗiyar Madarunfa:
To ai kun haɗu ba ku sani ba. A ciki ka yi yadda ka so, amma a bakin ƙofa ka mayar da wcstombs ka fitar da fputs, magudana ta zauna ta bayit. Tambayar ta fitarwa ce.

Tunda an zo nan, akwai masu gudun matsalar adana fayil su rubuta lambobin da hannu, "\xC9\x97an" a madadin "ɗan". Ba zai yi ba. \x ba ya tsayawa a lamba biyu, yana ci gaba da haɗiye duk abin da ya yi kama da lambar sha shida, kuma a tana cikinsu. Sai ya karanta 97a, ya ce ta yi yawa. Mu kuwa a da e ne suka fi bin waɗannan haruffa: ɗaya, ƙasa, ɓera. A raba jeren biyu, "\xC9\x97" "an", mai harhaɗawa zai manne su da kansa.

Malam Na Zariya:
Wannan ta yi kyau, ɗiyata. Bari in tsince wasu ƙanana da yaron zai ci karo da su gobe.

puts yana ƙara \n da kansa, fputs ba ya ƙarawa, kuma a fputs magudana ce a ƙarshe, a fprintf ita ce a farko. Wanda ya karanto layi da fgets ya fitar da puts zai ga layi fanko a tsakani, don fgets ya bar nasa \n ɗin. putc da fputc aikinsu ɗaya, sai dai putc na iya zama makiro mai duba magudana fiye da sau ɗaya, saboda haka kada a ba shi irin putc(c, *p++).

Babbar ita ce printf(suna). Kada a yi, ko sau ɗaya. In mai saye ya rubuta "ragi 10% sukari", printf zai ga % ya tafi neman abin da ba a ba shi ba, ya karanto tarkace ko ya faɗi. Mai mugun nufi kuma da %n har rubutu yake iya yi cikin ƙwaƙwalwa. printf("%s", suna) ko fputs(suna, stdout). A harhaɗa da -Wall -Wformat-security, gcc zai tsawata.

Duk waɗannan a bayit sifili suke tsayawa. Jeren da aka manta rufe shi da '\0', za su wuce shi su yi ta zuba abin da ke maƙwabtaka. Abin da kuma ke da sifili a tsakiyarsa, kamar hoto, fwrite(p, 1, n, f) ne nasa, a buɗe fayil da "wb". Da "w" kawai, Windows na mai da kowane bayit 10 zuwa 13 da 10, hoton ya lalace.

Ɗan Mokoyo:
Na gwada na Hajiya, jeri ya miƙe, ƙ ta fito a duka biyun. Saura ɗaya. In rahoton fayil ake rubuta shi, na yi fflush, wuta ta ɗauke, ya tsira?

Ɗiyar Madarunfa:
Bai tsira ba tukuna. Tasha biyu ce. fflush ya fitar da shi daga hannun furogiram ɗinka zuwa hannun tsarin kwamfuta, shi ma yana da tasa ma'ajiyar, yakan jinkirta kafin ya rubuta a faifai. In furogiram ne ya faɗi, rubutun na nan. In wuta ce ta tafi kuma ba batir, yana iya tafiya da ita. Sai an bi da fsync(fileno(f)) a Linux, ko _commit(_fileno(f)) a Windows. Yana da nauyi, don haka bayan kowane ciniki ake yi, ba bayan kowane layi ba.

Ka kuma duba amsa. Saboda bafa, fputs kan ce lafiya alhali faifai ya cika, kuskuren sai wurin fflush ko fclose yake fitowa. Wanda bai duba abin da fclose ya dawo da shi ba, bai san ko ya rubuta ba:

if (ferror(f) | fclose(f)) perror("rahoto");

Kai, a raba su ma ya fi, a duba ferror tukuna a ajiye amsar, sannan fclose, don C ba ta yi alkawarin wanda za ta fara kira a irin wannan layin ba, kuma taɓa f bayan an rufe shi haramun ne. Gwaji mai sauƙi a Linux: ./kaya > /dev/full. Wannan na'urar kullum cewa take wuri ya ƙare. In furogiram ɗinka ya fita shiru kamar ba abin da ya faru, da sauran aiki.

Hajiya ta Bagalam:
In rahoton Excel zai buɗe shi, wata kamar kuma za ka gani, ƙ ta koma Æ™, don shi teburin 1252 yake zato. Fara fayil ɗin da fputs("\xEF\xBB\xBF", f), bayit uku da ke gaya masa UTF-8 ne. Excel na Faransanci kuma da alamar ; yake raba ginshiƙai, ba da waƙafi ba. Duk sa'ad da ka rasa mai laifi tsakanin mai rubutu da mai karatu, buɗe fayil da xxd ko Format-Hex. In ka ga C6 99 a wurin ƙ, hannunka a wanke yake.

Ɗan Mokoyo:
Na gode, Hajiya. Ƙaramar firintar rasit irin ta butik fa, mai takarda milimita 58? Ita ma 65001 ɗin za a aika mata?

Injiniyan Tibiri:
A'a, ita ba ta san wannan ba. Yawancinsu yaren ESC/POS suke ji, da tsofaffin tebura irin 437 da 850 da 1252, kuma babu ƙ ko ɗ ko ɓ a ko ɗaya. Hanya biyu ce. Ko ka sauya kafin aikawa, C6 99 ya koma k, C9 97 ya koma d, ka haƙura da ƙugiya. Ko ka zana layin a matsayin hoto mai faɗin ɗigo 384 ka aika, ya fi jinkiri amma ƙuli-ƙuli ya fito da sunansa. In ka bi ta farko, layi na cin harafi 32, kuma bayan sauyawar strlen ya koma faɗin gaskiya, %-26s%6d ya cika shi daidai. Buɗe ta da "wb", umarninta da fwrite don wasu na ɗauke da sifili, sannan ka rufe da \n uku ko huɗu da fflush, in ba haka ba layin jimla zai maƙale a ciki, mai saye na tsaye yana jira.